Ranar da Majami'a Ta Je Rumfar Iliya Tela

Iliya tela mijin yayata Esta ne, saboda haka tun ranar da aka ɗaura musu aure na sami izinin tsokanarsa, ban kuwa taɓa barin izinin nan ya kwana banza ba. Ni sunana Markus. A shekarun da nake magana a kai, ina aikin allura da wankin gyambo a gidan likita na Zinder, shi kuma yana da rumfar ɗinki a Zango, a layin da ke gangarawa kasuwa.

Asalinsa mutumin wajen Dogo ne. Wata shekarar yunwa uwarsa ta shigo Damagaram, wato Zinder, da shi yana ƙarami, ta sami aikin daka da ɗebo ruwa a gidan mishan. A nan ya koyi karatu, a nan ya koyi waƙa, a nan kuma wata baturiya ta ɗora shi kan keken ɗinki ta nuna masa yadda ake takawa. An yi masa baftisma yana saurayi, a wani tafki bayan gari, ƙarshen damina. A Zinder wanda bai yi baftisma da kaka ba sai ya jira baɗi, domin ba za a sami ruwan da zai rufe mutum ba. Iliya kuwa dogo ne ƙwarai, har sai da aka sa ya durƙusa kafin ruwan ya kai masa kafaɗa.

Siriri ne, mai dogon wuya, kullum da allura soke a gaban hularsa, da igiyar awo rataye a wuya ko ina za shi. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa, aikinsa kuma yana da kyau. Aibinsa ɗaya ne, kowa ya san shi da shi: bai san sauri ba. In ka kira shi ya ce, "Ina zuwa." In abinci ya sauka ya ce, "Ina zuwa." Ranar aurensa ma sai da aka aika a ɗauko shi daga rumfa, yana ƙarasa wuyan rigar da zai sa. Har mutanen layin suka laƙaba masa suna Iliya Ina-Zuwa, ya kuwa riƙa amsawa.

Majami'armu a lokacin ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, a gindin duwatsu. Ba mu da yawa. Maza su zauna a benci gefe ɗaya, mata su shimfiɗa tabarmi ɗaya gefen, yara a gaba inda ido zai kai gare su. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar kamiyo ne, wato babbar motar kaya, da aka rataya a bishiya. Malam Ibrahim, dattijon ikkilisiya, shi ke wa'azi. Iliya shi ke ɗaga waƙa.

Murya dai Allah ya ba shi. Ka gan shi kamar kara, amma in ya buɗe baki sai ka ji kwanon rufin yana amsawa. Matsalar ita ce sujada da waƙa ake farawa, mai ɗaga waƙar kuwa bai iso ba. Don haka Malam Ibrahim ya juya tsarin: addu'a da karatu da wa'azi a gaba, waƙoƙi a ƙarshe. Baƙin da suka zo daga Maraɗi sukan yi mamaki, su tambaya ko wata sabuwar koyarwa ce. Mukan ce musu a'a, tela muke jira.

Da aka shiga tsakiyar shekarun hamsin sai ya sami abin fakewa. Akwai wata tsohuwa, Iya Dibora, aminiyar marigayiya uwarsa, tana cikin masu bi na farko a garin. Ungozoma ce. Ita ta yanke cibiyar yara da yawa a Zango, na Musulmi da na Kirista, ba wanda take jin nauyinsa, domin ta ce duk ta gan su ba wando. Da idonta ya rufe, Iliya ya ɗauki nauyin kai ta sujada. Yana da keken hawa, sai ya ɗaura matashi a bayansa, ya ɗora ta, ya riƙa turawa da ƙafa cikin rairayi, don ta hana shi hawa tana bisa.

Tafiyar ba ta da nisa, amma Iya Dibora tana gane mutane da murya, kuma ba ta wuce kowa.

"Tsaya, tsaya, ɗan nan. Wannan ba muryar Fanta ba ce? Fanta, ya jikin yaron? Kin daina ba shi ruwan sanyi ko?"

Haka za su yi ta tsayawa, ƙofa bayan ƙofa. In sun iso, Iliya ya ce Iya ce ta makarar da shi. Ita kuma ta ce tun asuba take zaune da mayafinta tana jiransa. Dukansu gaskiya suke faɗa.

Maƙwabcin rumfarsa Alkasum ne, baduku, mai ɗinkin jakunkuna da takalma, mutum ne da ba ya rasa jam'i. Shekara da shekaru suna da wata yarjejeniya da ba wanda ya taɓa furta ta. Ranar Juma'a in Alkasum ya tafi masallaci, Iliya ke duba masa kaya. Ranar Lahadi in Iliya ya tafi sujada, Alkasum ke zama bakin rumfarsa, ya karɓi saƙon masu kawo ɗinki, ya ba masu zuwa karɓa haƙuri. Ba da haƙurin ya fi yawa.

A haka muke har shekarar samun 'yancin kai. Da damina ta kama, maganar bukin ta cika gari. Wata safiya Mushe Idirisu, kamar yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, shugaban wata lakwal, wato makarantar boko, ya zo rumfar Iliya da kamiyo ɗauke da bandir-bandir na yadi: kaki, da fari, da kore, da ruwan lemo. Ya ce ana son gajerun wanduna da riguna na 'yan lakwal da za su yi maci, da ƙananan tutoci da kowane yaro zai riƙe, da manya na rataya a ƙofar lakwal.

"Malam Iliya, na san sunan da ake kiran ka," in ji Mushe Idirisu. "Wannan aikin ba ya jira. Ranar ba za ta matsa ba."

Iliya ya dafa ƙirji ya ce, "Mushe, ka ɗauka an gama."

Abin mamaki, da gaske yake. Mutumin da bai taɓa sauri ba a rayuwarsa ya zama kamar an sa masa wuta. Aikin ya shiga ransa. Yakan ɗaga tuta sabuwa ya ce, "Ku duba, ƙasa guda za ta tashi, kuma da zarena a jikinta." Da'irar da ke tsakiyar tutar ita ta fi ba shi wahala. Ya gwada faifai ya yi girma, ya gwada murfin kwalba ya yi ƙanƙanta, daga bisani ya ɗauke ƙaramin kwanon miyar Esta, bai mayar ba.

Lahadin farko Esta ta shirya, ta tsaya bakin rumfa da yara.

"Malam, an buga ƙarfe."

"Ku yi gaba, ina zuwa."

Muka yi addu'a, muka yi karatu, Malam Ibrahim ya ja wa'azi har ya koma kan abin da ya riga ya faɗa, yana leƙen ƙofa. Ba Iliya, ba Iya Dibora. Da ya gaji ya ce, "To, wa zai ɗaga mana waƙa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Nomau ya miƙe.

Nomau manomi ne daga Gaffati, shi kaɗai ne mai bi a ƙauyensu, shi da iyalinsa. Kowace Lahadi tun duku-duku yake kama hanya a kan jaki, da rani da damina, kuma shi ke fara isowa ya share ɗakin. Mutum ne mai kunya, ba ya magana sai an tambaye shi. Waƙoƙin duk ya haddace su. Abin da bai sani ba shi ne inda ake kama su. Ya ɗauko ta can sama, mata suka bi shi, da aka kai tsakiya kowa ya maƙale, sai tari. Ya sake ɗaukowa can ƙasa, maza suka yi ta gurnani, mata suka yi shiru. Muka ƙarasa dai, kowa da hanyarsa.

Lahadi ta biyu ma haka. Ta uku ma haka.

Na je na same shi wata la'asar, yana zaune cikin tulin kaki, allurai a baki.

Na ce, "Mijin yaya, ashe kana raye. Mun yi shirin zuwa yi wa Esta gaisuwa."

Ya ciro allurai ya ce, "Kai dai ba ka da aiki. Ka ga abin da ke gabana?"

"Na gani. Keke biyu gare ka, ɗaya na kai ka majami'a, ɗaya na hana ka. Na biyun ya ci nasara."

"Markus, ka yi karatu, ka sani Allah yana ko'ina. Yana majami'a, yana rumfar nan. Ina taka keke ina addu'a a zuci. Jiya ma na yi waƙa uku ni kaɗai."

"Mu kuma Nomau ke mana."

Ya yi dariya har ya dafe ciki. Ya ce, "Nomau? Ai gara ku sa jakinsa, ya fi shi sanin inda ake tsayawa."

Na yi dariya ni ma, don a gaskiya maganar ta yi daidai.

Esta ta gwada nata. Wata Asabar ta ɓoye almakashinsa cikin tukunyar gero. Da safe ya nema ya rasa, ya leƙa wajen Alkasum ya ce ya ara masa wuƙar yankan fata.

Alkasum ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yau wace rana?"

"Lahadi."

"To, ranar Lahadi ni ke da rumfar nan. Na zo da tabarmata zan zauna, na tarar da mai ita bai tashi ba. Ka hana ni aikina. Shekaran jiya da na tafi masallaci, ka ga na ɗauki jaka na tafi ɗinki a cikin sahu?"

"Alkasum, addinina ne fa, ba naka ba."

"Shi ya sa nake mamaki. Da nawa ne da na san yadda zan yi da kai. Wuƙa dai ba na ba ka."

Iliya ya koma ya yi ta ɗinka abin da ya riga ya yanka. Bai je ba.

Duk wannan lokacin Iya Dibora tana gida. Na ce zan riƙa kai ta, ta ce ina warin magani, kuma ina tafiya kamar ana kora ta. Nomau ya kawo jakinsa, ta shafa bayansa ta ce ba ta hau jaki tana budurwa ba, ba za ta fara da tsufa ba. Kowace Lahadi takan yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna bakin zaure har rana ta take, sannan ta koma ciki. Ba ta aika wa Iliya ko kalma ba. Shi kuma yakan aika mata da goro da saƙon cewa yana nan tafe.

Ana saura kaɗan buki, ta aika a kira mata Malam Ibrahim. Ina wurin, na je duba mata ƙafa.

Ta ce, "Ibrahim, jibi a rumfar Iliya za a yi sujada."

Malam Ibrahim mutum ne mai taka-tsantsan. Ya gyara zama ya ce, "Iya, a bakin hanya? Tsakiyar Zango? Mu da muke zaman lafiya da mutane, kada a ce mun fito neman magana."

"Wa zai ce? Kira mini Alkasum."

Alkasum ya zo, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, domin ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka. Ta gaya masa abin da take so. Ya fara murmushi.

Ya ce, "Iya, ni zan je wajen mai unguwa da kaina. Zan ce masa ba wa'azi za ku yi wa kowa ba, ɓataccenku kuka zo nema. Tabarmi kuma ina da su."

Ranar Lahadi aka buga ƙarfe kamar kullum. Muka taru, Malam Ibrahim ya faɗi inda za mu, yara suka hau tsalle. Muka biya muka ɗauki Iya Dibora. Ta ƙi a goya ta, ta kama hannun Esta ta taka da ƙafarta, ranar kuwa ba ta tsaya gaida kowa ba. Gabas ta haɗa hadari, amma ta ce a tafi.

Tun daga bakin layi muke jin keken Iliya. Alkasum ya riga ya shimfiɗa tabarmi a gaban rumfar, ya ce masa wai shanya su yake yi. Da ya hango mu ya ja kujerarsa can gefe, ƙarƙashin bishiyar ɗan bedi, shi da wasu dattawan layin, suka zauna kallo.

Iliya ya ɗago kai ya gan mu, mata da yara da tsofaffi, kowa da littafin waƙa a hannu. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Iya Dibora ta ce, "Ba wanda ya rasu. Matsa mini in zauna."

Ta laluba ta sami bandir ɗin kore ta zauna a kai, ta gyara zane.

"Iya, wannan yadin gwamnati ne."

"Gwamnatin ma wata ce ta yanke mata cibiya. An ce mini ka ce Allah yana ko'ina."

Iliya ya harare ni. Na duba sama.

Ya ce, "Haka ne, Iya. Ai ba ƙarya na yi ba."

"Ba ka yi ƙarya ba. Allah yana ko'ina. Ni ce ba na ko'ina, ina bakin zaurena ina jiran keke. Tunda yana nan rumfar, mun zo mu same ku tare. Ci gaba da aikinka, ɗan nan, ba za mu dame ka ba. Ibrahim, buɗe mana."

Malam Ibrahim ya yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa. Iliya ya rasa inda zai sa kansa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Da aka ce amin sai ya ga in ya tashi an ci shi, ya sunkuya ya ci gaba da taka keke a hankali, wai shi aiki yake.

Ranar Malam Ibrahim ya mayar da waƙa farko, ya ce Nomau ya ɗaga.

Nomau ya miƙe, ya share murya, ya ɗauko ta daga can inda ko tsuntsu ba ya kaiwa. Muka bi shi. Na ga wuyan Iliya ya ɗaure. Ya ƙara wa keke gudu don ya rufe kunnensa. Mata suka kai tsakiya suka maƙale. Dattawan da ke gindin bedi suka dubi juna. Nomau ya sake ɗaukowa, wannan karon daga ƙasan rijiya.

Iliya ya buga tafin hannu a kan teburin keke ya miƙe, har kansa ya bugi rufin rumfa.

"Haba! Ba haka ba ne! A gaban mutane? Ku saurara."

Ya buɗe baki. Waƙar ta fito daidai inda ya kamata, kowa ya sami wurin kamawa, mata a sama, maza a ƙasa. Mun yi makonni ba mu ji kanmu haka ba. Esta ta rufe fuska da mayafi, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Iya Dibora tana kaɗa kai tana buga bandir da tafin hannu. Da aka gama baiti na ƙarshe Iliya bai zauna ba, ya ɗauko wata.

Ana cikin ta uku ruwa ya sauko. Muka kwashe tabarmi muka cusa kai cikin rumfa, wadda ko mutum biyar ta yi musu kaɗan. Alkasum ya taso da gudu ya ɗaga asabarin da ke tsakanin rumfarsa da ta Iliya, ya ce mata da yara su shiga tasa. Maza muka tsaya a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa ya rungumi tulin wanduna ko tutoci don kada ɗigo ya taɓa su. Malam Ibrahim ya yi wa'azinsa mafi gajarta da na taɓa ji, da tutoci a hammata. Ya ce an gargaɗe mu kada mu bar taruwa, ba don Allah yana ɓacewa in ba mu taru ba, sai don mu ne muke ɓace wa juna.

Sannan aka zo addu'ar roƙo, inda ake ambaton damuwar kowa. Malam Ibrahim ya roƙa wa ƙasar da za ta tashi zaman lafiya, ya roƙa wa gonaki albarka. Ya ce, "Ka ci gaba da ta'azantar da bawanka Nomau da matarsa, kan 'yarsu da ka karɓa."

Da aka ce amin, na ji Iliya ya taɓa Esta ta saman asabari, ya yi ƙasa da murya.

"Wace 'yar?"

"Ƙaramar. Wadda ka ɗinka wa rigar Kirsimeti. Zazzaɓi ne, kwana kaɗan."

"Yaushe? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka, Malam. Ranar da za mu gaisuwa Gaffati na tsaya nan na gaya maka. Ka ce mu yi gaba."

Iliya ya juya ya dubi Nomau, wanda ke tsaye a bakin rumfa, rabin jikinsa a cikin ruwa, ya rungume wandunan kaki a ƙirji don kada su jiƙe. Mutumin nan ya binne 'yarsa, Lahadin da ta biyo ya hau jaki ya zo, ya share ɗaki, ya tashi ya ɗaga waƙar da bai iya ba, don ba wanda zai ɗaga.

Iliya ya ratsa mu ya je ya kama hannunsa. Ya ce, "Nomau, ban ji ba. An faɗa mini, amma ban ji ba. Ya haƙuri?"

Nomau ya ce, "Haƙuri sai godiya, Malam Iliya." Ya ƙara da cewa, "Na ji daɗi da ka karɓi waƙar nan. Wuya take ba ni."

Na ga idon Iliya ya kawo ruwa. Ranar ban tsokane shi ba.

Da ruwa ya ɗauke, ya fito da keken hawa daga bayan rumfa, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗaura matashi. Ya dubi tulin aikin da ya rage, ya dubi Alkasum.

Alkasum ya ce, "Je ka. Yau tawa ce."

Ya ɗora Iya Dibora ya tura ta gida cikin taɓo, ta kuwa rama duk gaisuwar da ta bari da safe.

Washegari da sassafe matan ikkilisiya suka zo rumfar da alluransu. Ba wanda ya aike su. Suka zauna suna kalmasa bakin tutoci, suna sa maɓalli. Matar Alkasum ta shigo cikinsu, daga baya maƙwabtanta ma. Alkasum ya fere sandunan da za a soka tutocin. Iya Dibora ta sa aka kawo ta, ta ce ko ba ta gani tana iya naɗe zare, amma aikin da ta fi yi shi ne gaya wa kowa cewa ba haka ake yi ba. Lahadin da ta biyo, aikin bai ƙare ba, Iliya ya rufe keken ɗinki da zane ya tafi sujada. Ya makara, amma ya je.

Aka kai wa Mushe Idirisu kayansa ana gobe buki. Ranar kuwa gari ya cika, da kalangu da algaita, da jama'a har kan duwatsu. 'Yan lakwal suka wuce cikin kaki suna kaɗa tutoci. Muna tsaye da Iliya a cikin taro, shi ba macin yake kallo ba, wanduna yake kallo.

Ya ce, "Ka ga na yaron can? Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Wannan ɗinkin yayarka ne."

Na ce, "Yaron ne ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya."

Bayan buki ya hau keke ya tafi Gaffati yin gaisuwar da bai yi ba. Ya tarar da Nomau a gona, ana maimai, ciyawa ta ci ƙarfinsa saboda kwanakin makoki. Iliya ya tuɓe riga ya karɓi hauya. Mutumin da tun yana yaro bai riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba. Ya kwana biyu can. Da ya dawo ya zo wurina a gidan likita, tafin hannunsa duk ya yi bororo, ya miƙo mini su kamar mai roƙo.

Ina shafa masa magani na ce, "Ciyawa nawa ka kashe?"

Ya ce, "Nomau ya ce na fi kashe wake. Ya roƙe ni in zauna a inuwa in riƙa yi musu waƙa."

Daga wannan shekarar ban san wata Lahadi da Iliya ya rasa sujada ba, sai in ciwo ya kwantar da shi. Aiki ya sha taruwa masa, na Salla da na Kirsimeti da na bukukuwan gwamnati, amma in Asabar ta yi yamma yakan gaya wa masu kaya su dawo Litinin, suna faɗa yana ba su haƙuri. Kowace damina kuma yakan je Gaffati ya kwana biyu, har ya iya bambanta wake da ciyawa. Iya Dibora ta rasu bayan 'yan shekaru, shi ya ɗinka mata likkafani, mutanen Zango da yawa suka raka ta. Shi kuma ya rayu har ya aurar da 'ya'yansa, ya koya wa ta biyun ɗinki, ta gaje shi da kyau. Ya rasu a shekarun babban fari, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa, Esta na zaune kusa da shi.